Yaya zan tsara kalandar duniyar da ke da wata biyu?

Marubuciya:
Assalamu alaikum. Ina rubuta labarin wata ƙagaggiyar duniya mai wata biyu a sararin samaniya, ɗaya yana cika duk kwana 20, ɗayan kuma duk kwana 30, shekararta kwana 372 ce. Da wanne ya kamata mutanenta su riƙa lissafi?

Mai Nazarin Taurari:
Wa alaikumus salam, Malama. A ganina, ki haɗa su. Watannin biyu za su cika a dare guda duk bayan kwana 60, saboda haka shekararki za ta kasu zango shida, wato kwana 360, sai kwana 12 su yi saura. Mutanen tsohuwar Masar sun fuskanci irin wannan ragowa, inda suka tsara wata 12 mai kwana 30 kowanne, sannan suka ƙara kwana 5 a ƙarshen shekara.

Tsohon Makaranci:
Lissafin Malam daidai ne, amma akwai abin lura. Saboda ragowar nan, daren cikar watannin biyu zai riƙa gusawa a kan kalandar kowace shekara, kuma ba zai koma gurbinsa ba sai bayan shekara 5.

Marubuciya:
Na gode ƙwarai. A daren komawar ne zan sa naɗin sarkinsu.