Makiyayar da aka daɗe da killacewa: me kuka gani da idonku?

Ɗan Dakoro: Salamu alaikum jama'a. Masu aikin farfaɗo da ƙasa suna son mu kewaye wani fako da waya, a hana dabbobi shiga. Dattawa sun ƙi, sun ce ciyawar da ba a ci mutuwa take yi. Wanda ya taɓa gani ya ba mu labari.

Malam na Tasawa: Wa alaikumus salam. Mun yi. Fako ne ƙwal, aka haƙa rabin-wata, wato ramukan tara ruwan sama, aka watsa iri. Daminun farko sai hamdala: kyasuwa ta dawo, gamba ta kama bakin ramuka, ƙananan itatuwan aduwa suka kuɓuta daga bakin awaki. Da aka daɗe ba a buɗe ba, busasshiyar ciyawa ta yi ta kwanciya bisa wata. In ka ɗaga da sanda, sai ka tarar da sabon tsiro ya yi rawaya a ƙarƙashi, rana ba ta kai gare shi. Ranar da gobarar daji ta shiga, har ƙananan itatuwan ta cinye. Har yau abin na min ciwo.

Inna mai nono: Ɗana, ka tambaye su ina shanun da aka hana shiga za su nufa. Namu bayan wayar suka taru, suka tattake wurin, yanzu garmani ne ya mamaye, ko akuya ba ta damu da shi ba.

Ma'aikacin daji: Gaskiya ne, Inna. Na ziyarci Widou Thiengoly a yankin Ferlo na Senegal, inda aka fara gwajin killace makiyaya a 1981 da taimakon Jamus, aka bi shi sama da shekara 25. Filayen da aka rufe gaba ɗaya, tarin haki ya danne tsiro a cikinsu. A Sahel yawancin ciyawar ta damina ɗaya ce, daga iri take tashi, kuma ruwan sama ne ke yanke yawanta. Kofato na binne iri, kashi kuma taki ne. Ni dai a ganina, fako a ba shi hutu, in ya farfaɗo a buɗe da rani.

Ɗan Dakoro: Na gode ƙwarai. Malam, da kuka buɗe, kiwo kuka bari ko yanka aka yi ana ɗaurewa?

Malam na Tasawa: Yanka muka fara, bayan iri ya zuba, kuɗin dami ya biya mai gadi. Sannan shanu suka shiga. Awaki sai da itatuwa suka fi ƙarfin bakinsu.