Tifa ta buge ƙanena a hanyar Dei-Dei, ta ina za mu fara?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tifar wani kamfanin gine-gine ta buge ƙanena a hanyar Dei-Dei zuwa Zuba, yana kan babur. Cinya ta karye, yana kwance a asibiti. Jiya manajansu ya zo da kuɗi a ambulan da wata takarda, wai mu sa hannu magana ta wuce. Baffanmu na cewa a bar wa Allah. Don Allah ku ba ni shawara.

Malam Sabo: Subhanallahi, Allah ya tashi kafaɗunsa. Hajiya kar ku sa hannu tukuna. Yarda da ƙaddara daban, neman haƙƙi daban, mai iyali ne fa.

Barista Hadiza: Sannu Maman Ilham. Kotu ba ta ba da diyya don tausayi. Sai kun nuna wajibi ne a kan direban ya kiyaye masu bin hanya, ya yi sakaci, kuma sakacin nan ne ya jawo karayar. Na farko ba ya wahala, a na biyun ake fafatawa. Gudu yake yi? Hannun wani ya shiga? Burki ne ya ƙwace? Ku nemi rahoton 'yan sanda da zanen wurin hatsarin, da rahoton jami'an duba mota in sun duba tifar. In a bakin aiki direban yake, kamfanin ma za a haɗa a ƙarar.

Usman Mai Taya: Aunty ku je wurin yau ɗin nan, ku karɓi lambar masu shayi da 'yan acaɓan da abin ya faru a idonsu. Nan da wata guda kowa zai ce bai gani ba.

Maman Ilham: To, Allah ya saka. Baffa kuma na so a ɗauke shi a kai shi wajen mai ɗori.

Barista Hadiza: Ku lallashi Baffa ya haƙura. Mai ɗori ba ya rubuta rahoto, kotu kuwa rahoton likita da hoton ƙashi take dubawa. Kowane rasit ku adana, har na allura da na mota, domin kuɗin da aka kashe sai an tabbatar da shi ɗaya bayan ɗaya. Na raɗaɗi da nakasa alƙali ne ke ƙiyastawa. In ƙanenki ma yana da nasa laifin, a kan rage diyyar gwargwadon hakan. Kar kuma a ja lokaci, doka ta sa wa'adi. Da motar gwamnati ce ma, wata 3 ne kacal.

Alhaji Garba: Ku binciki inshorar tifar. Dole ce a kan kowace mota, kuma raunin wanda aka buge na cikin abin da take biya. Sai dai jabu sun yi yawa, a duba lambar motar a NIID, shafin intanet da ake tantance inshorar mota.

Malam Sabo: In kuɗin lauya ne damuwar, akwai Legal Aid Council a nan Abuja, domin marasa ƙarfi aka kafa ta. Sulhu ma ba laifi ba ne, Babbar Kotun Abuja na da sashensa, amma a yi shi bayan likita ya faɗi inda ƙafar za ta tsaya.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Manajan zai dawo gobe da hantsi, me zan ce masa?

Barista Hadiza: Ki ɗauki hoton takardar, ki ce lauya zai duba. In za su biya kuɗin asibiti su biya, a rubuta cewa na magani ne kawai.

Usman Mai Taya: Ina tashi daga shago bayan la'asar, in kai ki wajen masu shayin.