Wai burauza mafi sauri a duniya, to ina saurin yake?

Lawali Katako: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake wallahi. Shekaranjiya wata baiwar Allah ta kawo min wayarta, 'yar ƙarama ce mai jiga 2 na RAM, ta ce tana son cika takardar rajista ta intanet shafin ya ƙi buɗewa. Na sa mata wani burauza, wato abin buɗe shafukan intanet, da kullum nake ganin tallarsa, wai ya fi kowa sauri, har da zane ana nuna makinsa ya haye na sauran. Yau da safe ta dawo gaban mutane tana cewa na cuce ta, forfe na jikka guda ya ƙare, shafin bai buɗe ba, waya ta yi zafi kamar dutsen guga. Na maida mata kuɗinta amma kunyar da na sha ba ta biyuwa. Ni dai na gane makin nan da kamfanonin burauza ke nunawa maguɗi ne zalla, kowa da tiyarsa yake awo kuma shi ne mai hatsin. Wa zai ce min ba haka ba ne?

Abdul Harobanda: Yaya Lawali sannu, Allah ya huci zuciyarka. Maganarka tana da tushe. Gwajin nan wani shafi ne da ke ba burauza lissafi ya yi, a ƙirga lokacin da ya ɗauka a ba shi maki. A 2010 an yi rigima a kan Internet Explorer 9 na Microsoft, akwai wani gwaji SunSpider da mutanen Apple suka fitar a 2007, sai aka ga wani sashe guda ya gama shi kamar ƙiftawar ido alhali sauran suna daɗewa. Wani injiniya na Mozilla, masu burauzar Firefox, ya ƙara ɗan layi ɗaya marar amfani cikin gwajin, nan take saurin ya ɓace. Microsoft suka ce ba komai ba ne, dabara ce ta tsallake lissafin da ba a amfani da sakamakonsa.

Mushe Issa: To ka ji ma da bakinka, dabara ce. Lawali ka janye kalmar maguɗi. Shekara 19 ina koyarwa, in na tara tsofaffin tambayoyin BEPC na sa ɗalibai su haddace su, suka ci jarrabawa, maguɗi na yi? Maguɗi shi ne a shiga da takarda cikin aljihu ko a canza maki a ofis.

Lawali Katako: Mushe in yaron ya fito da sakamako mai kyau amma bai iya rubuta wasiƙa ba fa, me sunan wannan?

Mushe Issa: Sunansa rashin kyawun jarrabawa. Laifin wanda ya tsara tambaya ne.

Malam Habibu: Ku ji tsoron Allah da harsunanku. Ɗora wa mutum maguɗi ba hujja ƙazafi ne ko da kamfanin Turawa ne. Amma shi ma tauye mudu ba sai an huda tiya ba, in ka nuna ma mai saye saman buhu ka ɓoye ƙasan ha'inci ne. Ha'inci ya fi dacewa a ce.

Mushe Issa: Malam ha'inci ai ya fi maguɗi nauyi, ka ƙara wa wuta makamashi ne kawai.

Zainabu Yantala: Ni ban ga abin rigima ba, talla ce. Mai kilishi ma cewa yake nasa ya fi na kowa a Yamai, wa ya taɓa kai shi gaban alƙali? Ku sayi waya ta ƙwarai kawai. Ni Safari nake aiki da shi a iPhone ban taɓa jiran shafi ba, na sa Chrome na gwada duk da haka bai kamo shi ba.

Abdul Harobanda: Anti Zainabu mai kilishi ba ya kawo miki lamba ya ce awo ne na ilimi, bambancin ke nan. Kuma Chrome ɗin da kika sa a iPhone a nan wajenmu injin Safari ne a cikinsa, WebKit, Apple ne suka tilasta haka, a Tarayyar Turai dai an sassauta a 2024. Abu ɗaya kika gwada da riga biyu.

Zainabu Yantala: Masu Tecno da Itel kullum da hujja. Ba laifina ba ne in ba ku da ita.

Lawali Katako: Hajiya ki iya bakinki, waɗannan wayoyin da kike rainawa su ke ciyar da rabin Katako, kuma in allon taki ya fashe wurinmu kike zuwa.

Nasiru: Su masu waya ma ai sun fi kowa. Samsung a 2013 an kama su da Galaxy S4, in wayar ta gane ana gwada ta sai ta saki ƙarfinta duka, in an gama ta koma yadda take. Wannan Mushe me za ka kira shi?

Mushe Issa: Wannan kam maguɗi ne na yarda. Amma waya ce, ba burauza ba, kar ku haɗa min su.

Nasiru: Volkswagen ma haka suka yi da hayaƙin mota a 2015. Duk halinsu ɗaya.

Zainabu Yantala: Yanzu kuma mun koma mota.

Ɗan Adar: Duk wanga surutu ku ka yi shi don kuna Yamai. Ku taho Tawa ku fita bayan gari in da rezo ka zuwa shi tafi, nan za ku san burauza. Mu Opera Mini munka sani tun zamanin waya mai maɓalli, shi ka matse shafi a can wajensu kafin shi iso maka, mega kaɗan ka karanta labari. Ban san maki ba ban san SunSpider ba, abin da ya buɗe shi ne mai sauri.

Nasiru: Su ma cewa suke suna rage cin data har kashi 90, ka taɓa aunawa? Kuma tun 2016 'yan China suka saye kamfanin. Burauzan ƙauye ne kawai, rabin shafukan zamani a karkace yake nuna su.

Ɗan Adar: Wa ka kira ɗan ƙauye? Tawa ce ƙauye? Garin da ad da jami'a? Albasar da ka ka ci daga ina ta fito in ba Galmi ba, ka je ka tambayi wa ka riƙe da kasuwa har Abijan.

Nasiru: Ban ce kai ba, burauza na ce.

Ɗan Adar: Ka ce ƙauye, kowa ya gani.

Malam Habibu: Nasiru ka ba shi haƙuri, ya girme ka.

Abdul Harobanda: Don Allah mu dawo kan maganar yaya Lawali. Abin da ya fi ba ni mamaki Google da kansu suka faɗa. Suna da nasu gwajin, Octane, sun fito da shi a 2012, a 2017 suka yi ritayarsa, dalilin da suka bayar shi ne masu ƙera burauza sun koma gyara injinsu don cin makin gwajin, har wani gyaran yana ƙara maki amma yana rage saurin shafukan da mutane ke buɗewa da gaske. Mushe wannan ya wuce haddar tambaya, an hana yaro karatun da zai amfane shi ne don ya ci jarrabawa. Sannan a 2016 Microsoft suka fitar da bidiyo an jera kwamfutoci wai burauzansu Edge ya fi Chrome da Opera riƙe batiri, Opera suka yi nasu gwajin suka ce su ne a gaba, kowa ya ci gasar da ya shirya. Mozilla ma da nake so a 2017 sun ce Firefox Quantum ya ninka sauri sau 2, da tsohon Firefox ɗinsu suka kwatanta. A 2022 Google suka ce Chrome ya ci maki 300 a gwajin Speedometer ya wuce Safari, a kan kwamfutar Apple, MacBook mai M1, aka auna. Ina MacBook ina wayar baiwar Allah nan mai jiga 2? Kuma gwajin ba ya auna rezo ko kaɗan, ba ya auna megan da aka ci.

Mushe Issa: Duk abin da ka lissafa babu inda aka ƙirƙiri lamba. Sun zaɓi wurin da ya yi musu daɗi ne. Zaɓi ba maguɗi ba ne.

Lawali Katako: Mushe kai Hausa kake karewa ni mutuncina ya zube a kasuwa.

Zainabu Yantala: Da ma ka tambaye ta ko rezon unguwarsu ne, ko shafin rajistar ne ya cika da mutane. Ka ɗora wa burauza laifi ba ka bincika ba.

Lawali Katako: Ko da rezo ne, su suka rubuta mafi sauri ba su ce sai mai rezo mai kyau ba.

Nasiru: Edge da Opera da Brave duk a kan Chromium aka gina su, injin Chrome ne, to da me wani ya ninka wani? Wanda ya toshe talla zai buɗe shafi da wuri, shi ke nan sirrin.

Ɗan Adar: Kai ka yi shiru har yanzu ba ka janye ba.

Alhaji Bubakar, admin: To ya isa haka, bari in taƙaita don an yi nisa. Abin da na fahimta, jama'a sun yarda babu maguɗi, Mushe ya yi bayani mai gamsarwa. Google sun nuna gaskiya tunda da kansu suka ajiye gwajinsu, kuma na ji Speedometer 3 na 2024 tare da Apple da Mozilla da Microsoft aka yi shi, ke nan an gyara matsalar. Ni shekara da shekaru Chrome nake aiki da shi a shagona ban ga aibinsa ba, shawarata kowa ya tsaya a kansa ya bar kwashe-kwashe. Matsalar Lawali rezo ce. Maganar waya da ta Tawa a bar ta.

Abdul Harobanda: Alhaji da girmamawa, mutum ɗaya ne ya ce babu maguɗi. Kuma tiya ɗaya da 'yan kasuwa 4 suka haɗu suka ƙera, har yanzu su ne masu hatsin. Yaya Lawali gobe bayan la'asar in akwai kuran zan zo shagonka, ka samo waya mai jiga 2 mu buɗe shafin rajistar nan da burauza 4 a rezo ɗaya, mu riƙe agogo mu duba megan da kowane ya ci.

Lawali Katako: Allah ya kai mu, akwai guda 2 a wurina. Amma Alhaji ni ban ce rezo ne ba, kar a sa min magana a baki.

Ɗan Adar: Ku sa Opera Mini cikin huɗun. Kuma Nasiru ina jiran ka.