Wane allon madannai mai sifirin ya dace da mai buga takardu a Damagaram?

Mai Buga Takardu ta rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina da ɗan shagon buga takardu a kan hanyar da ɗaliban Jami'ar André Salifou suke bi, kuma yawancin aikina shi ne buga kundin kammala karatu, takardun neman aiki da lissafin ƴan kasuwa. A lokacin da ɗalibai suke gaggawar miƙa kundinsu nakan yi awa bakwai ko takwas a gaban kwamfuta, ina bugawa da Faransanci, wani lokaci kuma da Hausa idan masu aikin wayar da kai suka kawo rubutu.

Cikin shekara biyu na canza allon madannai, wanda muke kira klaviye a nan, har sau uku. Dukansu irin masu roba a ciki ne da ake samu a kasuwar Dole, kuma hanyar mutuwarsu ɗaya ce: bayan hunturu sai harafin E da dogon madannin tazara su fara cijewa, sai na danna da ƙarfi kafin su amsa, da yamma kuma yatsuna da wuyan hannuna su yi ta ciwo. Wani ɗalibi ya ba ni shawarar in sayi irin wanda kowane madanni yake da sifirin ɗinsa, amma da na duba hotunan sai na ga ana maganar ja, shuɗi da ruwan ƙasa, ban kuma gane abin da launi zai ƙara wa mai bugu ba. Mu uku ne a cikin shagon, ɗaki ɗaya, kuma ƙofarmu a buɗe take wuni guda. Abin da na ware bai wuce sefa 35,000 ba, kuma ƙanena yana zuwa Kano a ƙarshen wata, zai iya sayo mini. Ina roƙon wanda ya san abin ya yi mini bayani kafin in sake zubar da kuɗi.

Mai Gyara na Zango ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Shawarar ɗalibin nan tana kan hanya, kuma dalilin yana cikin yadda aka ƙera abubuwan biyu. Allon da kike amfani da shi shimfiɗar roba ɗaya ce a ƙarƙashin dukan madannai, mai ƴan ƙoƙuna, kuma harafi ba ya fita sai kin danne ƙoƙon har ƙasa. Idan robar ta gaji, ko ƙura ta shiga inda madannin yake zamewa, babu abin gyarawa sai a jefar da allon gaba ɗaya. Shi kuwa mai sifirin, kowane madanni yana zaune a kan ƴar na'urarsa da muke kira suwic, mai sanda da sifirin da ƙarafa biyu da suke haɗuwa. Sandar tana sauka kimanin milimita 4, amma harafin yana fita tun a wajen milimita 2, wato a rabin hanya, saboda haka wanda hannunsa ya saba ba ya buƙatar dukan madanni har ƙasa. A nan ne sauƙin yatsu yake fitowa, ko da yake sai bayan mako biyu ko uku hannu yake daina tsohuwar ɗabi'arsa.

Maganar launi ta samo asali daga kamfanin Cherry na ƙasar Jamus, wanda ya fito da suwic ɗinsa mai suna MX a farkon shekarun 1980, ya kuma riƙa bambanta nau'o'in da launin sandar. Da haƙƙin mallakar ƙirar ya ƙare, kamfanonin ƙasar Sin irin su Gateron, Kailh da Outemu suka shiga yin irinsa da araha, suka kuma bi tsarin launin. Ja yana sauka sumul babu tangarɗa, da nauyin danni na kusan giram 45. Baƙi ɗan'uwansa ne, sai dai ya fi tauri, kusan giram 60. Ruwan ƙasa yana da ɗan tudu a tsakiyar hanya da yatsa yake ji, wanda yake shaida miki cewa harafi ya fita, kuma ba ya ƙara ta musamman. Shuɗi yana da tudun, ya kuma ƙara da wani ƙas mai kaifi a kowane danni.

A shago mai mutum uku ni zan cire shuɗi daga lissafi tun farko, domin awa takwas na wannan ƙarar za ta haɗa ki faɗa da abokan zama. Ruwan ƙasa nake ba masu aiki irin naki. Amma gaskiyar magana ita ce, a garin nan launi ba shi ne babban abin dubawa ba, ƙura ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan buji ya taso, ƙura mai laushi kamar gari tana bin gefen sandar ta sauka kan ƙarafan, sai ki danna harafi sau ɗaya ya fito sau biyu, ko ya ƙi fitowa. Alluna masu tsada ma sun zo hannuna da wannan cutar. Saboda haka abu biyu nake so ƙanenki ya tambaya a Kano. Na farko, allon ya zama wanda ake zare suwic ɗinsa da ɗan ƙarfen cirewa a saka wani ba tare da narka dalma ba, domin idan E ya mutu, shi kaɗai za ki canza cikin minti ɗaya. Na biyu, idan an samu, a zaɓi suwic mai katanga kewaye da kan sandar, irin Kailh Box, wanda aka rufe ƙarafansa a cikin ɗan akwati daban don ƙura da danshi. Outemu ma suna da mai katangar. Ya kuma sayo suwic goma na ajiya tun a ranar, daga hannun mai shagon, a gwada su a kan allon a gabansa, saboda wasu alluna masu araha, kamar da yawa daga cikin na kamfanin Redragon, ramukansu ƴan sirara ne da ba sa karɓar ƙafafun kowane suwic sai na Outemu.

Tsohon Akawu ya amsa:

Ƴata, na karanta bayanin Malam mai gyara, kuma ban ga kuskure a cikinsa ba, sai dai ban yarda da saurin da ya yi wajen korar shuɗi ba. Na yi shekaru ina buga takardun ofis da keken rubutu, inda kowane harafi sai an ɗaga yatsa an sauke shi da niyya, kuma da kwamfuta ta zo, allon farko da na taɓa shi ne na IBM da ake kira Model M, wanda ya fito a 1985. Nauyinsa ya kai kilo biyu, sifirin ɗinsa yana lanƙwashewa ne ya buga, ƙararsa kuma ana jin ta daga baranda. Abin da na koya a kansa shi ne kunne ma yana bugu tare da yatsa: idanuna suna kan takardar da nake kwafa, ba a kan gilashin kwamfuta ba, kuma idan na tsallake harafi kunnena ne yake fara sanar da ni. Wanda yake kwafar rubutun hannun ɗalibai, wanda wani lokaci sai an yi da gaske ake karanta shi, yana bukatar wannan shaidar.

Jikana ya kawo mini allo mai jan suwic, na yi kwana uku da shi na mayar masa, domin ni da na saba ɗora yatsuna a kan madannai ina tunani, sai in ɗago in tarar da layi guda na harafi ɗaya. Saboda haka idan abokan zamanki za su iya haƙuri, ki gwada shuɗi kafin ki yanke hukunci. Idan ba za su iya ba, to ruwan ƙasan, amma ki sani tudunsa ƙarami ne ƙwarai, wanda hannunsa yake da nauyi ba ya ma jin sa. Kada kuma ki saya da ka. A kawo miki na wani ki buga shafi biyu cikakku, ba kalma biyu ba.

Ɗalibin Lissafi ya amsa:

Baba Akawu, da girmamawa, matsalar da ka samu da ja ta sabo ce, kuma akwai masu bugu da yawa da suka fi son sa saboda shi ne mafi sauƙi ga yatsa mai ciwo. Gateron suna da rawaya, mai santsi kamar ja amma ya ɗan fi shi nauyi, kusan giram 50, wanda yake rage irin kuskuren da ka ambata. Abin da nake so in ƙara wa Hajiya shi ne kada ta biya kuɗin fitilu masu launi, domin da rana ba a ganinsu kuma ba sa ƙara komai ga bugu, kada kuma ta ɗauki marar waya. Zafin Afrilu da Mayu a nan yana haura digiri 40, batir kuma ba ya son zama cikin irin wannan zafin shekara da shekaru. Mai waya ya isa, musamman wanda wayarsa take cirewa, irin USB-C, domin idan ta tsinke wayar cajin salula ma za ta yi aiki. Ina da allo mai ruwan ƙasa a ɗakina, zan iya biyowa da shi shagon ki gwada kamar yadda Baba ya ce.

Malamar Fassara ta amsa:

Yaya, duk sun yi maganar abin da ke ƙarƙashin madanni, amma akwai abin da zai fi ba ki haushi idan aka sayo daga Kano ba a kula ba, kuma ni ya taɓa faruwa da ni. Mu a Nijar da tsarin AZERTY na Faransa muka koyi bugu, kasuwar Najeriya kuwa kusan duk QWERTY ce ta Ingilishi. Gaskiya ne cewa kwamfuta ce take yanke harafin da zai fito, ba rubutun da ke kan madanni ba, saboda haka idan kin saita Windows a kan Faransanci za ki samu é, è, ç da à a wurarensu ko da allon bai nuna su ba. Sai dai jikin allon ma ya bambanta. Na Amurka yana da madanni 104, namu na Turai yana da 105, kuma wanda ya ɓace shi ne ƙaramin da ke gefen W, mai alamomin < da >; madannin shiga sabon layi ma a namu dogo ne mai hawa biyu, a nasu siriri ne a kwance, yatsarki za ta yi ta faɗawa kan alamar tauraro har sai ta saba. Kada kuma ki ce za ki musanya hulunan, wato murafen saman madannai, na A da Q, ko Z da W, domin kowane layi da tsayinsa da karkatarsa, za su zauna kamar haƙoran da suka goce. Idan ke ba kya kallon madannai, wannan duk mai sauƙi ne, amma idan yaran shagonki suna hawa kwamfutar, ki nemi mai 105 da rubutun Faransanci, ko da zai sa a jira a kawo shi daga Yamai.

Haka kuma kada wani ya ruɗe ki da ƙananan allunan nan na yayi, masu madanni 87 ko 61, da aka yanke musu ɓangaren lambobi na dama. A AZERTY lambobin layin sama ba sa fitowa sai an riƙe madannin manyan haruffa, kuma ke da kike buga lissafin ƴan kasuwa ba za ki jure hakan ba. Ki ɗauki cikakke. Idan an sami mai hulunan robar PBT ya fi na robar ABS, wanda yake yin sulɓi da ƙyalli bayan watanni na gumi. Ki kuma tambaya ko haruffan zubi biyu ne, wato an zuba su a cikin robar hular, domin waɗanda aka shafa da fenti su ne suke gogewa.

Game da Hausa, babu allon da za ki samu da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a rubuce a kansa, kuma ba kya buƙatarsa. Ni da manhajar Microsoft Keyboard Layout Creator, wadda kyauta ce, na ɗauki tsarin Faransanci na ɗora haruffan nan huɗu a kan AltGr, madannin da ke daman dogon madannin tazara, tare da b, d, k da y, waɗanda babu komai a kansu a wannan haɗin. Akwai kuma Keyman ta ƙungiyar SIL, ita ma kyauta, mai tsare-tsaren harsunan Afirka da yawa.

Mai Buga Takardu ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Ɗalibin Lissafi ya kawo allonsa jiya, na buga shafi uku na wani kundi a kansa, kuma Baba ya yi gaskiya, tudun ƙarami ne, amma na ji shi, abokan zamana kuma ba su ce komai ba sai a kan dogon madannin tazara da yake ɗan kwaramniya. Nasa mai 104 ne, kuma sau da yawa na nemi sabon layi na sami tauraro, saboda haka na fasa aiken Kano, zan nemi cikakke mai 105 da ruwan ƙasa, wanda ake zare suwic ɗinsa, ko da zan ƙara kuɗi. Tambaya ɗaya ta rage mini, Malam mai gyara: idan ƙura ta riga ta shiga, man keken ɗinki zai yi?

Mai Gyara na Zango ya amsa:

A'a, Hajiya, kada man keke ko man inji ya kusanci allon, domin yana kama ƙura ya zama laka a cikin suwic, yana kuma iya lalata robar. Sau ɗaya a wata ki zare wayar, ki cire hulunan da ɗan ƙarfen da yake zuwa a cikin kwalin, ki kifa allon ki kakkaɓe, sannan ki bi shi da busasshen burushin fenti. Hulunan ana wanke su da ruwa da sabulu, amma sai sun bushe sarai a inuwa kafin a mayar. Idan harafi ya fara fitowa sau biyu, ki ɗiga masa ɗigo ɗaya na barasar goge na'ura da ake kira isofurofil, ki danna shi sau da yawa, ki bari ya bushe. Idan bai daina ba, ki saka na ajiya. Kwaramniyar dogon madannin kuwa daga wayar ƙarfen da take riƙe gefensa biyu take, ita ce ake shafa wa ɗan maiƙo mai kauri na musamman, kuma idan naki ya iso ki aiko da shi in shafa miki. Duk lokacin da kika tashi daga aiki, ko da sallar azahar ce, ki rufe shi da tsohon ɗankwali.