Malami ya mari ɗana har kunne ya kumbura, ina zan dosa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kaina ya ɗaure.

Ɗana yana aji huɗu a wata firamaren gwamnati a nan cikin garin Gombe. Ranar Talata ya dawo da shatin dorina biyar a gadon bayansa, ga kunnen hagu ya kumbura saboda mari. Laifinsa surutu a aji. Ban musa ba, yaron akwai rawar kai, kuma mu ma da bulala muka tashi, a boko da makarantar allo. Amma yau kwana huɗu, in na yi masa magana ta wannan gefen sai ya juyo da ɗaya kunnen. Gari na wayewa sai ya ce cikinsa na ciwo, don kada ya je.

Na sami hedimasta, ya ba ni haƙuri kawai. Babansa kuma ya ce a bar wa Allah, kada malamin ya sa masa ido. Zuciyata ta ƙi kwanciya.

Don Allah, in fara da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ne, ko in wuce SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha mai kula da firamare? Takardar asibiti za ta taimaka? Wanda ya taɓa bin wannan hanya, yaya yaronsa ya ƙare da malamin?