Neman shawara: yis na cikin yunwa, me ya sa furotin ɗaya ke ƙaruwa?

Wata ɗaliba daga Bauchi:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku taimaka min. Ina aji huɗu a jami'a, ranar Alhamis zan tsaya gaban malamai in yi bayanin yadda ƙwayar yis ke tafiyar da ƙera furotin. Abu ɗaya ya ɗaure min kai. Idan amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, ya yi ƙaranci, yis yakan rage ƙera furotin baki ɗaya, amma a daidai lokacin wani furotin mai suna Gcn4 ƙaruwa yake yi. Kwana uku ke nan ina zana abin a bayan littafi, ya ƙi zama min. In haddace kawai, ko akwai dabara?

Wani malami daga Gombe:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki haddace, tambaya ɗaya za a jefo miki ta gefe ki rikice. Fara daga yunwar. Aikin tRNA dako ne, shi ke kai wa ribosom, wato injin ƙera furotin, amino asid. In ya riƙa dawowa babu komai, wani furotin mai suna Gcn2 ne ke gane hakan, sai ya liƙa wa eIF2, mai kai wa ribosom kayan fara aiki, wani ɗan sinadari da ake kira fosfet. Daga nan kayan da ribosom ke buƙata kafin ya fara aiki su yi wuya.

To ga inda ke rikita ɗalibai. A farkon mRNA na GCN4, wato saƙon da ribosom ke karantawa ya ƙera Gcn4, akwai 'yan gajerun tashoshi huɗu kafin ainihin saƙon. Ɗauki ribosom a matsayin motar haya da ta baro Bauchi ta nufi Gombe. Ta sauke a tashar farko ta ci gaba wayam. Lokacin wadata nan da nan take samun sabon kaya, sai ta ƙare aikinta a ta huɗu, a ce Alkaleri, ba ta kai Gombe ba. Lokacin yunwa kuwa kaya ba ya samuwa da wuri, wasu motocin su wuce Alkaleri babu komai, sai can gaba su ɗauka su isa. Isar nan ita ce ƙera Gcn4, shi kuma ya je ya tayar da ƙwayoyin gadon da ke haɗa amino asid. Alan Hinnebusch ne ya warware wannan a Amurka. Ni har yau abin yana burge ni.

Wata 'yar uwa mai aiki a ɗakin gwaji:
Ki sa ran za su tambaye ki makomar furotin ɗin da ya fito a karkace. Akwai masu taya shi naɗewa, irin su Hsp70. In karkatattun furotin ɗin sun cure wuri ɗaya, Hsp104 ke warware su. Wanda ya ƙi gyaruwa a yi masa tambari da wani ɗan ƙaramin furotin mai suna yubikwitin, sai furotiyasom, injin niƙan ƙwayar, ya niƙe shi. In yunwa ta tsananta, ƙwayar takan narkar da wasu sassanta ta sake amfani da su. A kan wannan Yoshinori Ohsumi na Japan ya samu kyautar Nobel a 2016, kuma da yis ya yi aikin. Ki ambaci TOR, furotin da ke daidaita girman ƙwayar gwargwadon abincin da take samu, ko da layi ɗaya ne, a yis aka gano shi a 1991.

Mai gidan burodi a Gombe:
Hajiya, ni ban san sunayen nan ba, amma kullum hannuna na cikin kwaɓi. Da bayan hannu nake taɓa ruwa kafin in zuba yis. In ya yi ɗumi, sai kumfa ta rufe kofin. Ran da yaro ya zuba ruwan da ya yi zafi sosai, kwaɓin ya kwanta kamar tuwo, muka yi asarar rabin buhun fulawa. Wannan ma yana cikin karatun?

'Yar uwar ɗakin gwaji:
Yana ciki, Baba. Yis ya fi jin daɗi wajen digiri 30. Ɗan ƙarin zafi yakan sa ya yawaita masu gyaran, har ya jure wanda ya fi shi. Amma ruwan da ya kai digiri 60 yakan lalata furotin ɗinsa, babu mai gyarawa.

Ɗalibar:
Allah ya saka muku da alheri. Na sake zanen da tashoshin huɗu, yanzu na ga hanyar motar. Baba, in ka yarda da labarin kwaɓinka zan buɗe bayanin. Malam, zan turo maka zanen bayan Isha'i ka duba min tashar farko.