Yadda ake gane bugun farko a littattafan Frederick Warne

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata kan ƙananan littattafan Beatrix Potter ne, marubuciyar labaran yara 'yar Ingila, waɗanda kamfanin Frederick Warne na Landan ya buga. Akwai wani kwafi da aka sa a kasuwa, mai sayarwa ya dage cewa bugun farko ne, hujjarsa kuwa shekarar 1904 da ke bayan shafin suna, wajen rubutun haƙƙin mallaka. Wannan ta isa hujja? In ba ta isa ba, ina ake dubawa?

Malam Mai Littattafai:
Wa'alaikumus salam. Ba ta isa ba, ɗan'uwa, kuma nan ne yawancin masu saye suke faɗawa. Shekarar haƙƙin mallaka ba ta canzawa, kamfanin ya yi ta maimaita ta shekara da shekaru, har a kwafin da aka buga bayan rasuwar marubuciyar a 1943. Wadda ake nema ita ce ta gaban shafin suna, can ƙasa kusa da sunan kamfani. A yawancin littattafanta na farko-farko, daga 1903, in shekarar tana gaba kuma ta yi daidai da ta baya, to ka kama hanya.

Kafin wannan ma, duba sunan kamfanin. In ka ga "Ltd" a ƙarshensa, magana ta ƙare ga littafin 1904. A 1917 aka ɗaure Harold Warne, ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin, kan laifin jabun takardun biyan kuɗi, kamfanin ya kusa durƙushewa, aka sake kafa shi a 1919, daga nan "Ltd" ta shigo. Haka kuma lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta ƙasa da ƙasa: sai wajen 1970 ta fara aiki, saboda haka kwafin da ke ɗauke da ita sabo ne fil.

Hajiya Mai Shelf:
Malam ya faɗi gaskiya, amma a yi hattara da ƙa'idar shekarar nan, don tana da togaciya. Littafin Peter Rabbit da kamfanin ya fitar a Oktoba 1902, kwafi 8,000, ba shi da shekara a gaban shafin suna. Abin da ake dubawa shafi na 51: a bugu uku na farko an rubuta "wept big tears", daga na huɗu aka mayar da ita "shed big tears". Ka lura, wannan ta nuna kwafin yana cikin ukun farko ne kawai, ba ta ce na farkon ba ne. Kuma shi kansa na 1902 ɗin ba shi ne fitowar labarin ta farko ba. Marubuciyar ta fara bugawa da kuɗinta a Disamba 1901, kwafi 250, zanen ciki baƙi da fari ban da na farko.

Tunda naka na 1904 ne, in Benjamin Bunny ne, buɗe shafi na 15. Kuskuren rubutu "muffatees" shi ne alamar fitowar farko, daga baya aka gyara zuwa "muffetees". A Johnny Town-Mouse na 1918 kuwa, harafin ƙarshe na sunan Landan ne ya faɗi a shafin suna, aka bar "Londo".

Ni dai abin da na fi yarda da shi takardun cikin bango ne, waɗanda ke manne da bangon gaba da na baya. Kwafin 1902 zanen ganye ne a jikinsu. Daga 1903 aka koma sa hotunan dabbobin labaran, kuma aka riƙa ƙara sababbi duk lokacin da sabon littafi ya fito. To ka zauna ka tantance dabbobin ɗaya bayan ɗaya. In ka ga agwagwa Jemima, wadda littafinta bai fito ba sai 1908, a cikin kwafin da ake cewa na 1904 ne, ka san an sake buga shi ne daga baya, ko kuma wani ya canza takardun.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai, Malam da Hajiya. To in duk alamun nan sun cika, akwai sauran abin tsoro?

Malam Mai Littattafai:
Akwai, haɗe-haɗe. Ana ɗauko shafin suna daga wani lalataccen bugun farko, ko a buga na jabu, a liƙa a kwafin da ya zo daga baya. Buɗe littafin a hankali, kar ka danne shi, ka leƙa tsakiyar ɗinki. Shafi na asali a ɗinke yake tare da abokinsa na ɗaya ɓangaren. Wanda aka saka za ka ga siririn layin gam, ko ɗan guntun takarda da aka manna shi a kai, gefensa kuma sau da yawa bai yi daidai da sauran shafuka ba. Kwatanta launinsa da na maƙwabtansa, don takardun da suka tsufa tare kalarsu ɗaya suke komawa, tabon tsufa ma yakan ratsa daga shafi zuwa na kusa da shi.

Sai ka haska tocila daga gefe, a kwance. Rubutun wancan zamani danna shi aka yi a takarda, za ka ga ɗan lotsawa a jikin haruffa. Na injin kwafi shafal yake. Kar ka dogara da ɗige-ɗigen da madubin ƙara girma zai nuna maka a hotuna masu launi, na asalin ma da ɗige-ɗige aka buga su. In kana da fitilar nan mai shuɗin haske ta gwada jabun kuɗi, gwada ta a ɗaki mai duhu: takardar zamani takan yi ƙyalli saboda sinadarin ƙara fari da aka fara zubawa a shekarun 1950, tsohuwar kuwa ba ta yi.

Hajiya Mai Shelf:
Ƙari ɗaya kan bango. Iri biyu aka sayar tun farko: mai kwali a sule ɗaya, mai yadi a sule ɗaya da sisi, saboda haka kar a ce maka mai kwalin ba na asali ba ne. Kafin ka biya ko kwabo, nemi mai sayarwa ya turo hotuna biyar: gaban shafin suna, bayansa, takardun cikin bangon gaba, na baya, da shafi na 15 in Benjamin Bunny ne. In ya yi ta kwana-kwana kan na cikin bango, ka bar masa kayansa.